Sai Haɗin Ya Bushe

Sallama gare ku, masu bin labarina. Yau ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa, ku yi mini uzuri. Kwana huɗu ke nan ina buɗe wayar nan in rufe, sai yanzu na iya haɗa kalma biyu.

Ga wanda ya shigo yau, sunana Mansura. Shekarata ashirin da shida, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a nan Ƙanƙara. Asalinmu 'yan 'Yargoje ne, Baba ya dawo da mu gari tun ina ƙarama saboda sana'arsa ta gyaran injin niƙa. Mu uku ne mata a ɗakin Inna, ni ce babba, kuma ni kaɗai na rage a gida. Ƙannena biyu duk suna ɗakunansu, ƙaramar ma ta haihu satin da ya wuce. Ku riƙe maganar haihuwar nan, don ita ta ja mini abin da zan faɗa muku.

Shi kuma sunansa Mas'ud, ɗan 'Yankara, yana sayen masara da waken suya a ƙauyuka ya loda zuwa Funtuwa. A motar haya muka haɗu, ranar da tayarmu ta fashe tsakanin Faskari da 'Yankara, ya tsaya a rana ya bar mini inuwar wata ƙaramar bishiya ni da takardun jarabawar ɗalibaina. Shekara uku ke nan. Ba zan yi muku ƙarya in ce mugu ne a idona ba, don ko a yanzu da nake rubutun nan, in na tuna yadda yake kiran sunana yana jan ƙarshensa, sai na ajiye wayar na ɗan huta.

To ni Allah ya yi ni da ƙuraje. Tun ina sakandare suke fito mini a kumatu da goshi, in sun tafi su bar baƙin tabo. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba sai ranar da Mas'ud ya kai ni gaida yayarsa, Anti Suwaibatu, wadda ke aure a nan cikin Ƙanƙara. Na sa atamfata mai ruwan ganye, na yafa farin mayafi, na shafa hoda daidai gwargwado. Ta karɓe ni da fara'a, ta kawo lemo da cincin. Da na tashi tafiya ta rako ni har zaure, ta riƙe hannuna ta ce,

"Masha Allah, ga hankali ga kunya. Sai dai huskar nan a ɗan kula da ita, kin san Hajiyarmu da ido."

Dariya na yi, na ce to. Amma maganar ta biyo ni gida, ta kwanta tare da ni, ta tashi tare da ni. Daga ranar duk lokacin da Mas'ud ya ce, "Ki ƙara haƙuri, Hajiya ce ba ta sauko ba tukuna," ni dai abu ɗaya nake ji: fuskata ce.

Haka na faɗa hannun Anti Mero.

Shagon Anti Mero ɗaki biyu ne a bayan gidanta, can wajen hanyar kasuwa. Ba ta da allo a ƙofa, ba ta buƙata. Ƙanshin turaren wuta da dilka shi ke nuna miki gidan tun daga kan kwana. A Maiduguri ta koyo gyaran jiki lokacin da mijinta ke aiki can, kuma har daga Faskari da Sabuwa ake kawo mata amare. Mace ce gajera mai faɗa, ga tausayi a ƙasan faɗan. Ranar farko ta kama haɓata ta juya fuskar dama da hagu ta ce,

"Wa ya ce ki riƙa matsa su da farce?"

"Ba kowa, Anti."

"To ki daina. Kuma ni ba na shafa wa mutum man bilicin. In fari kike nema, ga hanya nan. In fatarki kike so ta dawo, sai kin jure zuwa duk sati."

Na jure. Wata bakwai, duk ranar Asabar bayan azahar, ina kan wannan siririn gadon nata mai shimfiɗar leda. Ta ɗaure mini kai da tawul, ta lulluɓe ni da zani har wuya. Ta wanke fuskar da sabulun salo, ta kifa ni kan tururin ruwan ganyen darbejiya har sai na ji numfashina na neman ɗaukewa. Ta murje da dilka a hankali. Sannan ta kwaɓa haɗinta na kurkum da zuma da farar ƙasa da madara, ta shafe fuskar kaf da kauri, ta ɗora yankan kokwamba biyu a idanu. Daga nan dokarta ɗaya ce, kuma ba ta ɗaga wa kowa: ba magana, ba dariya, ba motsa baki sai haɗin ya bushe. In kika yi magana ya tsage, ta ce aikin ya ɓaci, kuma ba za ta sake kwaɓa wani ba.

Ni da bakina ba ya shiru a aji, sai ga shi na koyi kwanciya rabin awa kamar gawa. A cikin shirun nan nake tsara ɗakina. Na zaɓi kalar labule, na jera kwanuka, har sunan ɗan fari na raɗa.

Kuma aikin ya yi. Wannan ba zan hana Anti Mero haƙƙinta ba. A wata na uku ƙurajen suka daina fitowa, a na biyar tabon ya fara bajewa. Duk Asabar in an wanke mini, sai in tsaya gaban babban madubinta in ɗauki hoto in tura wa Mas'ud. Shi ya roƙi haka tun satin farko. Amsoshinsa duk suna nan ban goge ba.

"Kai, wannan matar ta iya aiki."

"Tawan, kin ga goshinki kuwa?"

"Turo wani ta gefen hagu in gani da kyau."

In ya ce a turo na gefen hagu, sai in tura uku. Ina jin daɗi wai yana lura da ni har haka.

A gida kuwa wuta ake hura mini. Inna ba ta faɗa, sai dai ta yi ajiyar zuciya in ta ga ina goge takalmi ranar Asabar. Wata rana ta ce, "Mansura, fuskar nan dai ta yi kyau. Shi mai fuskar yaushe zai turo?" Baba shi ba ya zagaye. Da damina ta yi nisa ya kira ni bayan la'asar, yana zaune kan tabarma yana wanke hannunsa da kalanzir saboda baƙin mai, ya ce,

"Ban taɓa yi wa ɗiyata dole ba, ba kuma zan fara a kanki ba. Amma shekara uku yaro na zama a ƙofar gidana. In aka gama girbin masara ban ga magabatansa ba, kada ki ƙara kawo mini sunansa."

Na faɗa wa Mas'ud. Ya ce in kwantar da hankalina, da an kwashe amfanin gona komai zai daidaita. Masara kuwa ta riga ta bushe a gona, ana ta karya.

Yanzu ga maganar haihuwar. Sunan jaririn ƙanwata ya faɗo ranar Asabar, a 'Yargoje. Na san gwaggonnina za su taru, na san tambayar da za su yi mini, don haka na ce aƙalla in je musu da fuska mai sheƙi. Na kira Anti Mero na ce a sauya mini rana, ta ce in zo ranar kasuwa in an tashi makaranta. Ban faɗa wa Mas'ud ba. Ba ɓoyewa na yi ba, kwanakin nan ne in na tura saƙo da safe sai yamma yake amsawa, wai hidimar kaka ta yi masa yawa.

Na je da doguwar rigata ruwan toka da hijabi baƙi, na rataye hijabin a ƙusa. Aka yi wanki, aka yi tururi, aka yi dilka. Anti Mero ta shafe ni da haɗi, ta rufe idanun, ta ja zanin har haɓata.

"To, bakinki alaikum," ta ce kamar kullum.

Ba a yi minti biyar ba na ji sallama a ƙofa. Murya biyu. Ta farko na gane ta nan take, Anti Suwaibatu ce. Ta biyun ta dattijuwa ce, mai kauri, ban taɓa jin ta a fili ba, amma na sha jin ta daga nesa in Mas'ud na waya a gabana. Sai wani farin ciki na wauta ya rufe ni. Na ce a raina, Hajiya da kanta. Yau za ta ga fuskar. Har na fara tunanin yadda zan durƙusa in an wanke ni.

"Ku shigo, ku zauna," in ji Anti Mero. "Ina da mutum a hannu, amma ta kusa."

"Ba komi, mu zamna," Hajiya ta ce. Na ji kujerar roba ta yi ƙara. "Ke ce Mero? Daga 'Yankara muke. Amarya za mu kawo miki."

"Masha Allah. Yaushe bikin?"

"Sati ukku ya rage. Ɗiyar ƙanen mai gidana ce, daga Sabuwa, Fatima Zahra'u. Za ta zamna nan wajen Suwaiba sati biyu, kullum a kawo miki ita."

"Allah ya sanya alheri. Wa ye angon?"

"Ɗana ne. Mas'udu."

Anti Mero tana tsaye a kaina a lokacin, tana gyara mini tawul. Na ji hannunta ya tsaya cak. Wata bakwai ina zuba mata labarin Mas'ud ɗan 'Yankara kafin ta rufe mini baki da haɗi, har tsokanata take yi wai ita za ta yi mini gyaran aure kyauta. Ta ja numfashi za ta yi magana. Na zaro hannuna ta ƙarƙashin zanin na damƙe gefen zaninta, na matse. Ta gane.

Ban san me ya sa na yi haka ba. Wataƙila ina jiran a ce wani Mas'ud ɗin ne.

"Hajiya, ko mu koma tsakar gida?" Anti Mero ta ce, muryarta ta sauya. "Nan akwai zafi."

"A'a, ƙahwata ba ta son tashi da zama. Nan ma ya yi."

Anti Suwaibatu ta ce, "Ai da tun shekaranjiya za mu zo, sai Hajiya ta ce a bari ranar kasuwa an fi samun mota. Shi dai ya ce mu zo ko wace rana ban da Asabar."

"Mi ya sa ban da Asabar?" Hajiya ta tambaya.

"Ranar ce yarinyar nan take zuwa. Malamar."

"Au, wadda ya nuna mini hotonta?"

"Ita."

Hajiya ta yi 'yar dariya. "Ai hoton nan ne ya kawo mu, Mero. Ni da cewa na yi a kai Zahra'u Funtuwa. Sai ya buɗe waya ya nuna mini huskar yarinyar wagga tun tana da ƙuraje, sati bayan sati, har ta koma sumul. Ya jera su reras. Ya ce, Hajiya, ga aikin matar Ƙanƙara, Zahra'u ma tana da 'yan tabo a kumatun hagu, can za a kai ta. Na ce to, in dai hoto bai yi ƙarya ba. Don ni na hi son in ga abu da idona."

Kumatun hagu.

Jama'a, na sha jin ana cewa zuciya ta karye, ina ɗauka salon magana ne. Ashe ana ji. Wani abu ne ya tsinke mini a ƙarƙashin ƙirji, ya bar wajen fanko. Duk Asabar ɗin da na tsaya gaban madubi ina gyara tsayuwa, ina neman haske mai kyau, ina tura uku in ya nemi ɗaya, ashe samfur nake tura masa. Ni ce tallar da aka nuna wa Hajiya.

Kuma ba halin in yi kuka da sauti. Haɗin ya fara kama fatata, ya ɗaure mini baki da kumatu. Na kwanta ina jin su.

"Ita yarinyar ta sani?" Anti Mero ta tambaya. Na ji yadda ta danne muryarta.

"Ya ce sai bayan biki zai faɗa mata," in ji Anti Suwaibatu. "Wai ba zai iya kallon idonta ba. Ni ma kunyarta nake ji wallahi, shi ya sa ko hanyar makarantarsu na daina bi."

"Ni ban ƙi ta ba," Hajiya ta ce. "An ce ɗiyar mutunci ce. To amma ubansa ya yi magana da ƙanensa tun Zahra'u na goye, kuma shi Mas'udu ya sani tun yana sakandare. Na sha ce mishi ya sallami ɗiyar mutane tun da wuri. Wata biyu ke nan da kai lehe Sabuwa, shi da kanshi ya zaɓi akwatunan."

Wata biyu. Na lissafa a kwance. Satin da ya ce mini ya tafi Sabuwa sayen waken suya, har ya dawo mini da tsarabar zuma kwalba ɗaya, na kawo wa Anti Mero ta riƙa sa mini a haɗi. Zumar tana kan fuskata a wannan lokacin.

Ashe Hajiya ba ta taɓa cewa komai a kan fuskata ba. Ba ƙurajena ne suka tsaya tsakanina da shi ba, ba tabona ba ne. Ko da na zo da fata irin ta jariri, ba abin da zai sauya. Wata bakwai na yi ina gyaran abin da ba shi ne ya lalace ba.

Hawayen ba su nemi izinina ba. Suka taru a ƙarƙashin kokwambar, suka gangaro ta gefe, suka bi ta cikin haɗin zuwa kunnuwana.

"Wagga ma amarya ce?" Hajiya ta tambaya. Na ji kujerarta ta matso. "Sannu ɗiyata."

"Ba ta magana, Hajiya," Anti Mero ta ce da sauri. "Sai haɗin ya bushe."

"Ayya. To ga ruwa na zuba daga idonta. Abin na da yaji ne? Kada a sa wa Zahra'u mai yaji."

"Kurkum ne. Wasu yana sa su hawaye."

"Sannu, kin ji? Daure. Kyau sai da wahala." Na ji tafin hannunta a kan ƙafata ta saman zani, ta ɗan bubbuga. "Allah ya ba ki miji na gari wanda zai san darajar wahalar nan."

Anti Suwaibatu ta ce amin. 

Wannan addu'ar ita ta fi komai yi mini ciwo, don da zuciya ɗaya ta yi ta. Shekara uku ina mafarkin ranar da matar nan za ta ɗora mini hannu ta ce ɗiyata.

Suka ci gaba da maganarsu. Kwana nawa za a yi ana dilka, yaushe za a yi halawar cire gashi, wane turare za a yi tsuguno da shi. Anti Mero na amsawa da kalma ɗaiɗai. Ni kuma ina tunanin Baba a kan tabarmarsa, da masarar da aka kusa gama karyawa, da gwaggonnina da ke jirana ranar Asabar. Ina tunanin Inna, wadda ta fara tara mini kwanuka a ƙarƙashin gado tana ɗauka ban sani ba.

Haɗin ya bushe ƙam. Na ɗaga hannu na cire kokwambar da kaina, na tashi zaune na ba su baya. Babban madubin na gabana. Abin da na gani a ciki ba ni ba ce: fuska rawaya, busasshiya, kai a naɗe da tawul, ga layi biyu da hawaye suka haƙa daga ido zuwa kunne. A bayana kuma ga Hajiya cikin lafaya ruwan goro, da carbi a hannu, ga Anti Suwaibatu ta sunkuya tana nuna mata wani abu a waya. Duk mun fito a madubin, mu uku.

Na jawo jakata na ciro waya.  Na ɗauki hoton kamar yadda na saba, a madubin da na saba, har da su biyun a bayana, sai dai yau ban nemi haske mai kyau ba. Na tura masa. A ƙasa na rubuta, "Na sauya rana."

Mutumin da ke wuni bai duba saƙona ba, yau ko minti ɗaya ba a yi ba alamar karanta saƙo ta koma shuɗiya. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya sake tsayawa.

Sai wayar Anti Suwaibatu ta ɗauki ƙara a bayana.

"Ga angon ma yana kira," ta ce tana dariya. "Ya ƙagu ya ji ko mun iso."

Anti Mero ta zo gabana da kwanon ruwan ɗumi da ƙaramin tawul. Idanunta sun yi ja. Ta sunkuyo daidai kunnena ta ce a hankali,

"Mansura, in kin fi so, in shigar da ke ɗakin ciki in wanke miki can. Ba wanda zai san ke ce."

Na kalli ƙofar ɗakin cikin. Taku huɗu ne. Na kalli madubi, na ga dariyar Anti Suwaibatu tana gushewa, wayar na manne a kunnenta, idonta na tasowa a hankali zuwa bayana.

Na buɗe baki, na ji haɗin ya tsage tun daga kumatu har haɓa.

"A nan za ki wanke, Anti," na ce. "Hajiya ta ce ta fi son ta ga aikin da idonta."